Rawayar da Na Kankare Daga Idon Maestro Ermete

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da sanyin safiya, Allah ya karɓi ran Maestro Ermete Sabbatini, malamin zanen garinmu, a asibiti a birnin Macerata, yana da shekara saba'in da takwas. Ni ban ji daga bakin kowa ba. Washegari ina hanyar makaranta na ga ana manna takardar rasuwa a bangon da ke gefen famfon dandali. Na tsaya na karanta sunanka, Maestro, na sake karantawa, har mai mannawar ya ce in matsa kada gam ya ɓata mini takalmi. Ban isa makaranta ba ranar. Na koma gida na ce wa Mama cikina ke ciwo.

Sunana Matilde Cruciani, shekarata goma sha uku, ni ce ƙarama a ɗalibanka. Don Aurelio, fadan cocinmu, ya ce kowannenmu ya rubuta layi goma a saka a takardar da za a raba ranar addu'ar kwana talatin. Ya yi haƙuri, nawa ya wuce goma. Matarka, Sinyora Delfina, da farko ta roƙi a ajiye hotonka da na zana a gaban coci a ranar, domin kowa cewa yake ya yi kama da kai. Bai yi kama da kai ba. Ni na san dalili, kuma kusan wata uku na yi ina ɓoye shi.

Mama ce ta kai ni wurinka ina ajin ƙarshe na firamare, bayan malamarmu ta gaya mata ba na ɗaga hannu, ba na amsa tambaya, sai zane a gefen littafi. Muka hau matakalar nan mai tsawo zuwa ɗakinka na saman tsohuwar ma'ajiyar hatsi. Tun kafin in yi laifin komai Mama ta fara ba ka haƙuri, tana cewa, "Maestro, ba ta magana fa." Ka leƙo ni ta saman tabarau ka ce, "Madalla. Ina da masu magana biyu, sun ishe ni har kabari. Shigo, 'yar ɓera." Daga ranar ba ka sake kirana Matilde ba.

Masu maganar biyu su ne Sinyor Gualtiero, tsohon mai raba wasiƙu, da Sinyora Oriana mai gidan burodi. Mu uku ne ɗalibanka na ranar Asabar, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Kowa a garin nan ya san ɗakinka babu ƙwan lantarki, ka cire shi da hannunka tun kafin a haife ni. Taga ɗaya ce babba mai kallon arewa, ita ce fitilarmu. Kakan zaunar da mutum a gabanta yana wani aiki, ko gyaran takalmi, ko ɓarar wake, ko karanta jarida, ka zagaye ƙafafunsa da ƙafafun kujera da alli a ƙasa, don sati mai zuwa ya koma daidai inda yake. Mu kuma mu zana shi da fentin mai yadda hasken ya nuna mana shi.

Ni ba ka bar ni na zana mutum ba sai bayan wata biyu. Ƙwai ɗaya ka ɗora mini a kan farin tawul. Na matse farin fenti da yawa a allon haɗa kala, ka zo ka kwashe shi da 'yar wuƙarka ka mayar gefe. Ka ce in nuna maka inda fari yake a jikin ƙwan. Na duba har idona ya yi ruwa, na ga shuɗi-shuɗi a sama inda taga ke dukansa, na ga ruwan hoda a ƙasa inda tawul ke mayar masa da haske, fari kuwa ɗigo ɗaya ne kamar kan allura. Ba ka sa ni na faɗa da baki ba. Cewa ka yi, "Haɗa mini in gani." Haka muka yi ta hira ni da kai kusan shekara biyu, kai da baki, ni da allo.

In gajimare ya tare rana kakan ce kowa ya ajiye buroshi, domin hasken da aka fara da shi ya tafi, sai a jira shi. Sinyora Oriana ta buɗe kwandonta ta fito da burodi mai ɗumi da man zaitun. A irin lokacin ne suke taɓa juna ita da Sinyor Gualtiero. Ta kalli ƙyallen da yake zane a kai ta ce, "Gualtiè, wannan mutum ne ko kabewa?" Shi kuma ya ce, "Ke da kike wa kowa hannu kamar curin fulawa? Da ma burodinki yana tashi kamar yatsun nan." Kai kana cin naka burodin kana kallon sama, ka ce, "Ku ci gaba, gajimaren bai wuce ba tukuna."

Ranar da na ture kwalbar mai ta kwarara a kan takardun zanenka na shekara da shekaru, na tsaya kamar an kafe ni, ko kuka na kasa. Ka ɗaga takarda ɗaya tana ɗiga, ka kalle ta a taga, ka ce tun ranar da ka zana ta ba ta taɓa yin kyau haka ba. Na san ba gaskiya ba ne. Ka miƙo mini tsumma muka goge tare, ba ka gaya wa Mama ba. Da ka lura buroshinka sun yi wa hannuna tsawo, ka yanke ƙotar guda uku da zarto, ka goge bakinsu da takarda mai kaushi don kada su soke ni. Suna nan a gwangwanina.

A bara idonka ya fara yin yana. Ka ce duniya ta koma maka kamar kana kallonta ta cikin kofin shayi, ba ka iya raba fari da rawaya. An ba ka ranar aikin ido a bazara mai zuwa. Kafin nan, in kana shakkar wata kala a aikinka, sai ka ce, "'Yar ɓera, zo ki ara mini ido." In je in duba, in haɗa maka a allona, ka kwafa. Sinyor Gualtiero yakan ce shi shekara tara yana hawa matakalar nan ba a taɓa aron ko kunnensa ba. Ban taɓa jin daɗin komai a rayuwata kamar wannan kiran ba. Ina rubuta shi a nan don mai karatu ya san irin amanar da ka ba ni.

A ƙarshen Janairu, Nazzareno mai gyaran takalmi da ke zauna mana ya kwanta mura, sai ka ce kai za ka zauna. Ka sa tsohuwar rigar sanyinka mai ruwan toka, ka ɗauki lemun tsami da wuƙa, ka ce sunan wannan zanen tsoho yana fere lemo yana jiran matarsa ta gama faɗa. Ni ka sa na zagaye ƙafafunka da alli. Wurina shi ne mafi kusa da taga, ta ɓangaren fuskarka mai haske. Sauran biyun suna ta ɓangaren inuwa.

Asabar ta farko da ta biyu jiki da riga na yi. Ranar goma ga Fabrairu na kai ga ido. Na duba farin idonka yadda ka koya mini duba ƙwai, sai na ga rawaya. Kaɗan ce, a gefe, wajen da fatar ido ta ƙasa ke farawa. Na ce wa kaina lemun da ke hannunka ne ke mayar da haske. Na jira har ka sauke hannu don ka huta, lemun ya koma kan cinyarka. Rawayar tana nan.

Na san wannan rawayar. Ina shekara tara kakata ta wajen Baba ta yi jinya a ɗakina, ni nake kai mata ruwa. Ciwon shawara ta yi, daga ido rawayar ta fara mata, a daidai wannan wurin, kafin ta bi fuska da hannu. Don haka ba zan ce yarinya ce ni, ban san ma'anarta ba. Na sani.

Hannuna ya yi abin da ka koya masa. Na haɗa fari da ɗan ruwan ƙasa mai haske da ɗigon rawaya, na sa a idon da ke ƙyallena. Da gajimare ya zo ka tashi kana miƙa, ka zagayo kana duba aikinmu. Ka tsaya a bayana ka daɗe. Ka matso da fuskarka har hancinka ya kusa taɓa fentin. Ko da idonka mai yana, ka ga ya fi sauran farin da ke hoton duhu. Ka ce, a hankali, ba da wasa ba, "'Yar ɓera, haka kike gani?"

Da gyaɗa kai kawai zan yi. Kullum haka nake amsa maka. Amma Sinyor Gualtiero ya riga ya leƙo da burodi a baki yana cewa, "Kai, ta mai da kai mage, Maestro!" Sinyora Oriana ta yi dariya ta taso ita ma. Mutum uku suna tsaye a kaina suna jira. Na ga in na ce e, za a tambaye ni me nake nufi, sai in yi bayanin kakata, in ce wa babban mutum a gaban jama'a ina ganin ciwo a jikinsa. In kuma na yi kuskure, a yi ta ba da labarina a gidan burodi. Sai na buɗe baki na ce, "A'a, Maestro, buroshina ne ban wanke da kyau ba."

Ban taɓa yi maka magana mai tsawon wannan ba. Har murmushi ka yi. Ka dafa kaina ka ce, "Ashe da murya. To, je ki wanke buroshinki." Ka koma kujerarka ka sa ƙafa a cikin zanen alli. Na ɗauki wuƙa na kankare idon, na goge ta a tsumma, na sa fari mai ɗan shuɗi kamar idon jariri.

Ka yarda da ni. Abin da ya fi cina ke nan. Ba ka sake tambaya ba, domin ban taɓa ara maka ido na ƙarya ba kafin ranar.

Asabar biyar suka biyo baya. Kowace Asabar rawayar tana ƙara wuri, ta hau gefen goshi, ta sauko gefen hanci. Kowace Asabar ina ƙara ja da fari a allona ina shafa wa kumatun da ke ƙyalle. Kullum ina hawa matakala da niyyar yau zan faɗa, ko in rubuta a takarda in sa maka a aljihun riga. Har na rubuta sau ɗaya, na dawo da ita gida a cikin safa. Lokacin sanyi ne, kowa yana cikin hula da mayafin wuya, a gida kuma ƙwan lantarki yana sa kowace fuska ta yi rawaya-rawaya, ba mai lura. Awa biyu a sati kawai kake zama a hasken da ke nuna abin, kuma ni ce a gabanka. Ranar ƙarshe ka dubi aikina ka ce, "Kin rage mini shekara goma. Delfina za ta ce me ya sa ba wannan ta aura ba."

Ranar sha shida ga Maris 'yarka Loredana ta zo daga birnin Bologna. Ta hango ka a dandali da tsakar rana kana dawowa daga wurinmu, ko gida ba ta bari ka shiga ba, ta sa ka a mota sai asibiti. Suka ce ciwon daji ne a kusa da hanta, ya riga ya yi nisa. Sinyora Oriana ta je duba ka sau uku. Ta tare ni a ƙofar shagonta ta ce, "Maestro yana ta tambaya ina 'yar ɓerarsa. Gobe zan koma, akwai wuri a mota." Na ce ina da jarrabawa. Ba ni da jarrabawa. Tsoro nake kada ka kalle ni da idon nan ka tuna tambayar da ka yi mini. Ranar jana'izarka ma a bayan ginshiƙi na tsaya, na fita kafin a fito da kai.

Ranar Litinin da ta wuce da la'asar na ɗauki hoton na kai gidanka, domin Sinyora Delfina ta aiko a kawo a sa masa firam na katako. Na same ta a kicin, ƙofar baya a buɗe, tana ɓarar ɗanyen wake a kwano. Ta ce, "Ke ce ɓerar? Jingina shi a kujera in ga mijina." Na jingina. Ta ce in zauna, ban zauna ba. Na riƙe bayan kujerar da hannu biyu na faɗa mata komai, da baki. Ban san yadda ya fito ba, a gutsuttsure ya fito, wani wurin sai da na maimaita. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Sati nawa?"

Na ce biyar.

Ta ci gaba da ɓarar wake, amma ɓawon take jefawa a kwano, waken a ƙasa. Can ta ce, "Likita ya ce ko tun Kirsimeti aka kawo shi, da wuya. Da wuya ya ce. Bai ce ba zai yiwu ba." Sannan ta ce, "Kin san abin da na yi a sati biyar ɗin nan? Faɗa na yi ta yi masa. Yana barin miya a kwano, ina cewa girkina ne ya raina bayan shekara hamsin da ɗaya. Na sa shi ya hau tsani ya gyara rufin kaji. Da na sani, yarinya, ko ba a warkar da shi ba, da na bar shi ya zauna."

Na so ta yi mini ihu, ba ta yi ba. Ta goge hannu a ƙyallen gabanta, ta sa tabarau, ta matso ta kalli hoton sosai. Ta ce, "Wannan ai kumatun mahauci ne. Ermete bai taɓa yin kumatu haka ba, ko ranar aurenmu kamar kara yake. Ni ma na san haka, so kawai na yi in gan shi da lafiya." Ta juya shi ya kalli bango. Ta ce ba za a kai shi coci ba, in tafi da abina. Ta ce kuma ba ita za ta gaya wa Loredana ba, ni zan gaya mata, in ban iya da baki ba in rubuta wa Don Aurelio.

Na ɗauki hoton zan fita sai ta ce, "Mabuɗin ɗakinsa yana hannuna har ƙarshen bazara. Ranar Asabar ƙarfe goma zan hau matakalar nan, in gwiwata ta yarda, in zauna miki. Shekara hamsin yana roƙona ban zauna ba. Duk abin da kika gani a fuskata, da baki za ki faɗa kafin ki taɓa fenti. Kin ji?"

Na ce na ji. Na ce, "Sinyora, kin yafe mini?"

Ta ce, "Kada ki yi mini gaggawa."

Ta rako ni bakin ƙofa. Rana ba ta faɗi ba, hasken ya sauka a fuskarta sosai. Na ɗaga kai na duba. Na ce, "Idonki ba rawaya, Sinyora. Ja ne kawai a gefe."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki? Asabar na ce." Ta rufe ƙofa.

Maestro, ka tambaye ni ranar goma ga Fabrairu ko haka nake gani. E, haka na gani. Buroshina a wanke yake. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka, ka yafe mini rashin zuwa asibiti lokacin da kake kirana.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya saka maka da alherin da ka yi wa yarinyar da ba ta magana, da haƙurin da ka yi da duk wanda ya hau matakalarka. In kana da kuskure, Allah ya shafe shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sinyora Delfina, Allah ya ba ta haƙuri da ƙarfin gwiwa. Ga Sinyor Gualtiero da Sinyora Oriana da Nazzareno, waɗanda su ma a nan za su fara jin wannan labari. Ga jikokinka biyu da ke Bologna. Ga Sinyora Loredana kuma, wadda ta gani ta ɗauke ka nan take, ina yi mata gaisuwar rashin uba, ina kuma ba ta haƙuri. Ranar addu'a zan zauna a layin gaba, gefen hagu, inda za ta gan ni in tana da abin da za ta faɗa mini.

Allah ya sa ka huta, Maestro. Amin.

Matilde Cruciani